Rataya Kamar Jemage: Maganin Ciwon Baya Ne?

Ciwon baya baƙo ne da ba ya sallama, da wuya kuma a sami gidan da bai taɓa sauka ba. Manomi ya san shi bayan noman fari, uwargida ta san shi sa'ad da ta miƙe daga wanki, tela da direba da akawu duk sun san shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon baya ta wajen ƙugu, tana kuma zaton za su kai miliyan 843 a shekarar 2050, gama jama'a suna ƙaruwa, tsofaffi kuma suna yawaita. Babu wani ciwo a duniya da ya kai shi raunana mutane ya hana su aiki.

Inda ciwo ya yi yawa, masu magani ma sukan yi yawa. Cikin abubuwan da ake tallarsu yanzu akwai wani gado na ƙarfe mai lilo. Mutum yakan kwanta a kai, a maƙale idon sawunsa, sa'an nan gadon ya karkata har kansa ya koma ƙasa, ƙafafunsa sama, kamar jemage a reshen kuka. Masu sayar da shi suna cewa yana warkar da ciwon baya, yana mayar wa tsoho tsawonsa, yana kai jini ƙwaƙwalwa, yana hana tsufa. Ɗa mai jin ƙan mahaifinsa yana iya ganin wannan talla a wayarsa ya ce, "Bari in saya wa Baba." Kafin a kashe kuɗi, kafin kuma a kife dattijo da ka, ya kamata iyali su san abin da yake gaskiya cikin wannan magana, da abin da yake daɗin bakin ɗan kasuwa ne.

Yadda ƙashin baya yake

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33, an ɗora wani bisa wani. Akwai 7 a wuya, 12 a wajen haƙarƙari, 5 a ƙugu, sauran 9 na can ƙasa kuwa yawancinsu sun manne da juna. Tsakanin waɗanda suke motsi akwai faifan guringuntsi guda 23. Aikin wannan faifai kamar aikin gammo ne ga mai ɗaukar tulu: yana tare nauyi, yana hana ƙashi ya gogi ƙashi. Gefensa tauri gare shi, cikinsa kuwa taushi, yawancinsa ruwa ne.

Duk yini nauyin jiki yana danne waɗannan fayafai, ruwansu yana tsiyayewa kaɗan kaɗan kamar soson da aka matse. Da dare, sa'ad da mutum ya kwanta, sai su sake shan ruwa su cika. Saboda haka kowannenmu ya fi tsawo da safe. Iyali suna iya gwada wannan a gida. A tsayar da mutum jikin bango da sassafe a yi alama da alli daidai kansa, a sake yin haka da magariba. Za a ga bambancin santimita 1 zuwa 2.

Da shekaru suka yi nisa faifan yakan rage riƙe ruwa, ya tsuke, ya yi tauri. Daga shekara 40 mutum yakan rage tsawo wajen santimita 1 cikin kowace shekara 10. Wani lokaci kuma gefen faifan yakan tsage, taushin ciki ya ɓullo ya danne jijiya. Shi ne ciwon nan da yake tasowa daga ƙugu ya bi ɗuwawu ya sauka bayan cinya har tafin ƙafa, wani lokaci da tsami ko mutuwar yatsu.

Daga nan tunanin rataya ya samo asali. In nauyi ne yake matse faifai, to, a juya mutum, nauyin nan da kansa ya ja ƙasusuwan su buɗe. Magana ce mai shiga hankali. Amma abin da ya shiga hankali sai an gwada shi tukuna kafin a kira shi magani.

Daga tsani zuwa gadon ƙarfe

Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. A ƙasar Girka, wajen shekara 400 kafin haihuwar Almasihu, littattafan da ake danganta su ga Hipokiratis, wanda Turawa suke kira uban likitoci, sun bayyana yadda ake ɗaure mai ciwon baya a jikin tsani, a ɗaga tsanin da igiya, a sake shi ya faɗo, domin girgizar ta miƙe ƙashin. Abin lura shi ne, marubucin da kansa bai yaba aikin ba. Ya nuna bai san wanda tsanin ya miƙe ba, ya kuma zargi masu yinsa da neman burge taron 'yan kallo.

A zamanin nan wani likita a Kalifoniya ta Amurka, Robert Martin, shi ya farfaɗo da abin daga shekarun 1960. Ya ƙera wasu ƙarafa masu ƙugiya da ake ɗaurawa a idon sawu, mutum ya maƙale a sandar ƙarfe ya yi reto. A shekarar 1980 aka nuna wani jarumi yana yin haka a cikin fim, sai abin ya zama yayi, mutanen Amurka suka yi ta saye. Yayin bai daɗe ba. A 1983 wani likita mai suna Ronald Klatz da abokan aikinsa suka auna matasa masu lafiya da suka rataya na 'yan mintoci, suka tarar jininsu ya hau, matsin da ke cikin idonsu ma ya hau. Da labarin ya bazu, kasuwar ta faɗi. Daga baya ta sake tashi da gadon lilo, wanda ya fi ƙugiya sauƙi domin mutum yana iya karkata kaɗan ba sai ya kife sarai ba. Shi ne ake talla yau.

Abin da bincike ya nuna

Bari mu ba gadon nan hakkinsa. Sa'ad da mutum yake rataye, tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugu takan ƙaru kaɗan, tsokar baya kuma takan saki. Mutane da yawa sukan sauko su ce sun ji sauƙi, ba kuwa ƙarya suke yi ba. Amma da zarar mutum ya miƙe ya ci gaba da harkokinsa, nauyi ya koma inda yake, faifan ma ya koma yadda yake.

Binciken da masu talla suka fi ambata shi ne wanda likitocin tiyatar jijiya suka yi a Newcastle ta Ingila, aka buga a 2012. Sun ɗauki marasa lafiya 26 waɗanda faifai ɗaya ya ɓullo musu ya danne jijiya, suna jiran a yi musu tiyata. Aka raba 24 daga cikinsu kashi biyu. Kashi ɗaya aka yi musu gashi da motsa jiki kaɗai, ɗaya kashin aka ƙara musu da rataya. Cikin mutum 13 da suka rataya, 10 ba su bukaci tiyatar ba. A ɗaya kashin kuwa mutum 2 ne kaɗai suka tsira daga wuƙar likita.

Wannan labari ne mai daɗi, amma a lura da abu uku. Mutanen kaɗan ne, ba su kai ɗaliban aji ɗaya ba, masu binciken ma gwajin share fage suka kira aikinsu. Na biyu, babu wanda ya wuce shekara 45 a cikinsu. Na uku, dukansu irin ciwo ɗaya suke da shi, an tabbatar da shi da hoto, an kuma rataya su a gaban ma'aikatan asibiti. Ciwon bayan yawancin mutane ba irin wannan ba ne. Cikin mutum 10 masu ciwon ƙugu, wajen 9 ba a iya nuna wani faifai ko ƙashi ɗaya a ce shi ne sanadi.

Da aka duba dukan hanyoyin jan ƙashin baya gaba ɗaya, sakamakon bai yi armashi ba. A 2013 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara binciken likitoci ta auna shi, ta haɗa gwaji 32 da aka yi a kan mutum 2,762. Ta tarar jan baya, ko shi kaɗai ko tare da wata jiyya, ba ya kawo wani bambancin kirki wajen rage zafi ko komawa aiki. A 2016 hukumar da take tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila ta umarci likitocinta kada su ba masu ciwon ƙugu wannan jiyya. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa jan baya cikin abubuwan da ba ta ba da shawarar a yi wa mai daɗaɗɗen ciwon ƙugu ba.

Abin da za a iya faɗa da gaskiya ke nan: rataya tana iya ba mutum sauƙi na ɗan lokaci, watakila kuma ta taimaki wasu masu ƙuruciya da faifai ya danne musu jijiya. Ba ta gyara faifan da ya tsufa.

Zancen mayar da tsoho yaro

Game da tsawo, tsawon da rataya take ƙarawa irin na safiya ne, kafin a jima ya tafi. 'Yan sama jannati sun koya mana darasi a nan. A sararin samaniya, inda babu nauyin da yake danne su, ƙashin bayansu yakan miƙe har tsawonsu ya ƙaru da wajen santimita 5. Da miƙewar ƙashi ita ce lafiya, da su ne suka fi kowa lafiyar baya. Ga shi kuwa da yawansu suna kukan ciwon baya a kwanakin farko a can, bayan sun dawo kuma sun fi sauran mutane haɗarin tsagewar faifai. Baya yana bukatar nauyi daidai gwargwado da motsi, kamar yadda jaki yake lalacewa in an ɗaure shi ba aiki.

Game da kai jini ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa tana da hanyarta ta daidaita jinin da take bukata, ko mutum yana tsaye ko yana kwance. Jinin da ya taru a ka ba ya ƙara basira, fuska kawai yake cikawa, idanu su yi ja.

Akwai kuma wani abin da zai kwantar wa dattawa hankali. A 2015 aka tattara hotunan ƙashin bayan mutane fiye da 3,000 waɗanda ba sa jin ciwon kome. Aka ga alamar tsufan faifai a jikin kashi 37 cikin 100 na masu shekara 20, da kashi 96 cikin 100 na masu shekara 80. Wato tsukewar faifai kamar furfura ce, tana zuwa da shekaru, sau da yawa ba tare da ciwo ba. In an ɗauki hoton bayan Baba aka ce faifansa ya tsuke, wannan kaɗai bai isa a tayar da hankali ba, balle a rataye shi.

Garin neman gira

Jemage yana kwana rataye domin jikinsa ya dace da haka. Irin wanda muke gani a itatuwanmu bai kai rabin kilo ba, jininsa kaɗan ne, jijiyar ƙafarsa kuma takan kulle da kanta. Mutum babba yana ɗauke da jini wajen lita 5. Jijiyoyin ƙafafunsa suna da 'yan ƙofofi masu taimakon jini ya hau sama, amma kansa ba shi da irin wannan kariya in jini ya kwararo masa. Sa'ad da aka kife shi, jini yakan hau, zuciya ta sami ƙarin aiki, kayan ciki su danno huhu.

Ido ne ya fi shan wahala. A 1985 likitocin ido biyu a Amurka, Friberg da Weinreb, suka nuna cewa matsin cikin ido yakan ninka sa'ad da mutum ya rataya kai ƙasa. Ga mai lafiyar ido, matsin yakan sauka bayan ya miƙe. Ga mai ciwon nan da ake kira hawan jinin ido, ko gilakoma, wanda matsi yake cinye jijiyar gani a hankali, kowane ƙarin matsi asara ce, abin da ya tafi na gani kuwa ba ya dawowa.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Binciken makanta da aka yi a dukan Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa bayan yanar ido, gilakoma ce ta fi makantar da mutane. Wajen mutum 5 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 suna da ita, fiye da 9 cikin 10 na masu ita kuwa ba su san suna da ita ba, gama ba ta zafi, ba ta ƙaiƙayi. Hawan jini ma haka yake, mutane da yawa suna yawo da shi ba a taɓa auna su ba. Saboda haka dattijon da ya ce, "Ni lafiyata ƙalau, baya ne kawai," yana iya zama shi ne wanda bai kamata ya kusanci gadon ba. Kada garin neman gira a rasa ido.

Waɗanda likitoci suke hana su rataya su ne mai hawan jini, mai ciwon zuciya, wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, mai gilakoma ko wani ciwon cikin ido, mace mai ciki, mai gwaiwa, mai yawan ƙwannafi, mai jiri ko ciwon cikin kunne, mai ƙiba ƙwarai, mai shan maganin tsinka jini, da wanda ƙashinsa ya yi gautsi ko bai daɗe da karaya ko tiyata ba. Mai karatu ya sake duba jerin nan, zai ga kusan duk cututtukan manya ne. Wanda aka fi yi wa tallar gadon shi ne ya fi shiga haɗarinsa. Ban da haka, an sami waɗanda maƙalin ƙafa ya kuɓuce musu suka faɗo da ka suka ji rauni a wuya, da waɗanda suka kasa juyo da gadon suna su kaɗai a ɗaki.

In har za a gwada

Mai ƙuruciya da likita ya duba shi ya amince masa, ya kiyaye waɗannan:

1. A auna jininsa, a kuma auna matsin idonsa a asibitin ido, kafin ya fara.
2. Ya fara da karkata kaɗan, digiri 20 zuwa 30, na minti 1 ko 2. Ba dole ba ne ya kife sarai.
3. Kada ya yi shi kaɗai, kada kuma ya yi bayan cin abinci.
4. Ya dawo sannu a hankali, ya ɗan huta a kwance kafin ya miƙe.
5. In ya ji ciwon kai, ko jiri, ko duhun gani, ko zafin ya ƙaru ya sauka ƙafa, ya bari nan take.

Kada wani ya ce zai ƙera nasa da igiya a reshen itace ko a azarar ɗaki. Kada kuma a bar yara su mai da gadon abin wasa.

Abin da ya fi amfani

Yawancin sabon ciwon baya yakan lafa da kansa cikin mako 6. Dā ana ce wa mai ciwon ya kwanta kwana da kwanaki. Yanzu an gane doguwar kwanciya tana raunana tsoka, ta ja ciwon ya daɗe. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba shi ne a fahimtar da mai ciwo halin da yake ciki, ya motsa jiki a kai a kai, a yi masa tausa ko gashi a hannun wanda ya koya, ya sha maganin zafi na ɗan lokaci in da bukata.

Tafiya da ƙafa ita ce mafi araha. A fara da minti 10 safe da yamma, a riƙa ƙarawa har a kai minti 30. Sannu ba ta hana zuwa. Mai neman irin sauƙin da gadon lilo yake bayarwa yana iya samun kusan haka a kyauta: ya shimfiɗa tabarma ya kwanta rigingine, ya ɗora ƙwaurinsa bisa kujera yadda gwiwa za ta lanƙwashe, ya yi minti 10 yana numfashi a hankali. Ƙugu yakan saki, kai kuwa bai koma ƙasa ba. Jan gwiwa zuwa ƙirji a kwance, ɗaya bayan ɗaya, shi ma yana taimako. Tsumma mai ɗumi a ƙugu yana kwantar da tsokar da ta ɗaure.

Sai kuma ayyukan gida. Mai ɗaga buhu ya matso kusa da shi, ya lanƙwasa gwiwa, kada ya murɗa jiki da kaya a hannu, in ya yi nauyi ya kira wani. Uwargida ta ɗora bahon wanki bisa benci, ko ta zauna a kujera, maimakon ta yini a duƙe. A sa wa tsintsiya doguwar ƙota. Mai noma da fartanya ya riƙa miƙewa yana dafa ƙugu a ƙarshen kowace kunya. Mai zaman ofis ko keken ɗinki ya tashi ya taka kowane rabin sa'a. Yara da jikoki su karɓi guga da tulu daga hannun tsofaffi, amma kada su hana su tafiya kasuwa ko ziyarar maƙwabta, gama zama wuri ɗaya ya fi tafiya cutar da bayan tsoho.

A yi hankali da ƙwayoyin zafi. Irin su ibuprofen da diclofenac, in aka daɗe ana sha, suna iya jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda, su ƙara hawan jini, musamman ga manya. Haɗin ƙwayoyi na 'yan talla, wanda ba a san abin da ke ciki ba, ya fi haɗari. Tramadol kuwa yana kama mutum ya kasa bari.

Lokacin garzayawa asibiti

Akwai ciwon bayan da tabarma da tausa ba su isa ba. A tafi asibiti a ranar in mutum ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko fitsarin ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko ƙafarsa tana ƙara rauni. A tafi ba da jinkiri ba in ciwon ya zo da zazzaɓi, gumin dare da rama, ko wani ƙulli ya fito a gadon baya, gama tarin fuka yakan kama ƙashin baya, yana kuwa warkewa da magani in an gano shi da wuri. Haka nan in tsoho ya faɗi sa'an nan bayansa ya kama, ko ciwon yana hana barci ko yaya aka kwanta, ko mai ciwon ya taɓa yin ciwon daji. Rataye irin waɗannan mutane ɓata lokaci ne, yana kuma iya ƙara ɓarna.

Ɗan da yake so ya kyautata wa iyayensa, kuɗin gadon nan ya ishe shi ya kai su a auna musu jini da ido, a duba bayansu, har ya rage canjin sayen takalmi mai taushi na tafiyar yamma. In ya sami sarari ya raka su tafiyar, ya fi kyau. Allah ya ƙara mana lafiya, mu da dattawanmu.